Muƙamuƙin Nassirou

Nassirou mutumin Tawa ne ta Nijar, yana gadi a wani gidan burodi a Agege. Yana da shekara talatin da huɗu wani kumburi mai tauri ya fito masa a muƙamuƙin ƙasa. Ba ya ciwo, amma a hankali ya karkatar masa da fuska.

Likita ya ce ƙashi ne ke tsirowa, ba ciwon daji ba ne, tiyata za ta raba shi da shi. Tsoro ya sa Nassirou ya yi ta ɗage aikin. Shekara huɗu bai je gida ba, don kada mahaifiyarsa ta gan shi haka.

"Nassirou, kunna bidiyon in gan ka mana," take cewa a waya.

"Inna, kyamarar ce ta lalace."

Bayan babbar sallah ya daure aka yi aikin, aka kuma dace. Kwana biyu da yi, ƙanwarsa Mouna ta bugo ta ce Inna ta rasu. Bakinsa na ɗaure saboda tiyatar, ko salati bai iya furtawa ba, sai hawaye. Da ya warke ya koma bakin gadinsa.