Kushewar da Ta Kama Hanyar Gabas

A wata tunga kusa da Adabka an yi wani mutum ana ce masa Makau. Noma yake yi sama-sama, domin ainihin aikinsa shi ne tsaron kushewar kakan kakansa, Malam Halilu, wanda aka ce shi ya fara sare dajin wurin. Ko gaisuwa ka yi wa Makau sai ya kai ka ga Malam Halilu, ya lissafo maka kakanni har ka manta abin da ya kawo ka.

Mutane kan zo ziyara daga Gummi da Anka, su yi addu'a, kowa ya ɗebi 'yar ƙasa a bakin zane ko a aljihu don neman tubarraki. Hanya ta yamma take shigowa, don haka ta yamma ake ɗiba. Makau kuwa ba ya son ganin kakansa ya rame. Duk ranar Juma'a sai ya ɗauko ƙasa a mangalar jaki ya cike giɓi. Sai dai ta gabas jakin yake zuwa, Makau kuma ba mai son wahalar zagaye ba ne, nan yake juyewa ya daddaɓe da bayan fartanya.

Ana ci ta yamma, ana ƙari ta gabas, kushewa ta fara tafiya. Da masu ziyara suka lura ta bar gindin tsamiya, sai labari ya bazu cewa Malam ya kama hanyar Makka. Makau ya fi kowa gaskata wannan, har hawaye yake yi idan yana bayarwa. Baƙi suka ƙaru, ɗiba ta ƙaru, Malam ya ƙara sauri.

Wajen shekarar dubu biyu masu wa'azi suka matsa cewa ɗibar ƙasar kabari ba ta da asali. Masu zuwa suka ja baya, jaki ya huta, Malam ya tsaya cak. Makau ya ce fushi ne.

A lokacin tsufa ya kama shi, kuma burinsa ɗaya ne a duniya: a binne shi gefen kakansa. Ya kira babban ɗansa Sa'idu, mai kabu-kabu da babur, ya bar masa wasiyya. Sa'idu ya sosa ƙeya.

"Baba, wane gefen? Inda shike yanzu, ko inda na san shi ina yaro?"

Makau ya ce ai duk ɗaya ne, Malam da kansa ya matsa. Sa'idu ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai abin da ya gani da idonsa jaki ne da mangala. Makau ya buɗe baki zai yi faɗa, sai abin da bai taɓa haɗawa a ransa ba ya haɗu. Ranar ko tuwo bai iya ci ba, tsoro ya kama shi cewa ya ɓatar da mutumin da aka ba shi amana.

Washegari ya tara dattawa, ya roƙi kowa ya tsaya inda ya fara sanin kushewar. Bello mai gishiri ya tsaya kusa da tudun kushewar na yanzu. Hammadu makiyayi ya wuce shi da nisa, ya kafa sanda, ya ce nan shanunsa suke kauce wa. Haka suka jeru, gwargwadon tsufanka gwargwadon nisanka yamma, kowa na rantsuwa sauran sun ruɗe. Sai aka kawo Inna Hure a bayan babur, wadda ta girmi kowa. Ta wuce su duka, ta wuce tsamiya, ta nufi rumfar da Sa'idu ke wanke babur ɗinsa.

Makau ya ce, "Inna, ai ban kai shi da nisa haka ba."

"Kai kaɗai ka da jaki? Ubanka ma shina da shi, kuma ya hi ka ƙyuya. Ni ma nan nit tarar da shi, ban ce nan anka sa shi ba."

Dattawa suka yi ta dariya har Bello ya zauna a ƙasa. Sa'idu ya yi wuf ya janye babur ɗinsa yana istigfari. Makau ya tsaya yana duban filin daga rumfa zuwa tudu, ya ga babu mai iya nuna masa wurin, kuma ba za a sake samu ba. Ya ji baƙin ciki ƙwarai, amma dariyar ta fi ƙarfinsa, ya yi ta yana share ido.

Bayan damina biyu ciwo ya kwantar da shi. Sa'idu ya durƙusa ya sake tambaya, a hankali, ina za a sa shi.

Makau ya ce, "Ku sa ni ko'ina tsakanin rumfa da tudu. Tun ina saurayi nike yawo da shi bai ce mini komi ba. Wanga karon shi ya nemo ni."