Kabet a Wutsiyar Tirela

Kawuna, ƙanen Inna, yana da wata ƙaramar tirela mai taya biyu da wani mai walda a Mokola ya haɗa masa. Da ita yake jawo albasa daga kasuwar Bodija a bayan tsohuwar motarsa. Mutum ne mai sanyi, amma kan wannan tirela ba ya wasa: kaya mai nauyi a gaba, kusa da mota, a ɗaure tam, a duba ƙugiya, a maƙala sarƙa. Mukan yi masa tsiya cewa ya fi lallaɓa ta a kan matarsa.

Da aka tashi auren babbar yayarmu, shi aka ba kai kayan ɗaki Ojoo, inda za ta tare. Abin da ya fi komai daraja a kayan shi ne kabet mai gilashi da tangaran ɗin da Inna ta yi shekaru tana tarawa da ribar alala da ƙosai. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba. Yaya 'yar fari ce, Inna ko sunanta ba ta kira, kuma duk hidimar bikin ta sakar wa Goggo, yayar Baba.

Goggo kuwa tana da nata lissafin. A ganinta kayan da unguwarmu ta Sabo ba ta gani ba kamar ba a yi su ba ne. Ta sa aka tura katifa da filo gaba, aka girke kabet a can wutsiya yana kallon baya, tangaran a jere a ciki.

Kawu ya ce wa Goggo, "Yaya, abeg, nauyin nan baya ya yi. Za ta yi rawa a hanya."

"To ta yi mana, ai biki ake. So kake a ce a ɓoye muka fitar da amarya?"

Ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Labule bai motsa ba. Ya ƙara igiya, ya tayar da mota, ni da Goggo muna baya.

A cikin unguwa abin ya yi kyau, mata na leƙowa ana guɗa. A gangaren Mokola ne na ji bayan motar ya yi sako-sako, tirela ta soma kaɗa mu hagu da dama. Wata mai lemo ta ƙwala da Yarbanci, "E rora o!", wato a yi a hankali. Kawu bai danna birki ba, ya dai ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari. Motar ta lafa, ƙugiya da sarƙa suka riƙe. Igiyar ce ba ta riƙe ba. Kabet ya kifa kan kwalta, ƙarar ta daɗe ba ta ƙare ba.

Muka tsince abin da ya tsintu, muka juyo. Goggo ta yi ta kuka tana tsine wa ramukan titi, ko da yake wurin babu rami.

Inna ta saurari labarin tana tankaɗe, ta ci gaba da aikinta. Na ji haushin hakan har wuya. Washegari da safe sai ta fara sauke kwanukan nata kabet ɗin, wanda ta zo da shi gidan Baba, tana naɗe kowanne a tsumma. Ta aika aka kira Kawu. Ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a kan masu lodi. A gaban Goggo, a gaban kowa, ta ce, "A sa shi gaba, a ɗaure da kyau. Na 'yata ne."

Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar. Kayan sun isa Ojoo lafiya, ba wanda ya yi guɗa. Bangon ɗakin Inna har yau da shatin kabet ɗin, ba ta sa komai a wurin ba.