Sitacin Garin Rogo

Shekarar da damina ta yi mana rowa ina aji uku a makarantar horon malamai ta kwana, kuma a ganina duk ƙauyenmu babu wayayye kamata. Abin da na fi ƙwarewa a kai ba lissafi ba ne, guga ne. Na iya dama sitaci, na iya hura gawayi a dutsen guga, na iya fitar da kari a wando. Da aka ba mu hutu na dawo da dutsen gugana a akwati, na tarar an yi shuka sau biyu duk ta ƙone. Gonakin nan da ke manne da juna tun daga bayan dangarmu har hanyar Ɗanbatta sun koma fili fetal.

Zaman gida ya gagare ni. In shiga zaure, in fito, in leƙa bakin rijiya in ga layin tuluna, in dawo in sake shiga zauren. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, ita ma faten dusa ce da busasshen zogale. Ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake yi, ina neman abin da zan nuna wa mutane na je makaranta.

Kwanana uku da dawowa Baffa, ƙanin Baba, ya shigo da hantsi. Gidansa na bayan namu, ’ya’yansa shida. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce ko da ɗan wani abu da za a taimaka masa da shi, yaran sun kwana haka nan. A gabana Baba ya rantse masa da Allah cewa ban da dusa babu ko ƙwayar abinci a gidan nan, ita ɗin ma a raba. Baba ba mutum ne mai rantsuwa ba. In aka yi rigimar iyakar gona shi ake kira, abin da ya faɗa shi ke nan an gama. Baffa ya karɓi dusar ya yi godiya ya tafi.

Abin da Baba bai sani ba shi ne Inna na da ɗan garin rogo a cikin tulu a ƙarƙashin gado. Ƙanwata ake yayewa, da shi take dama mata kunu kowace safiya bayan Baba ya fita. Ni na sani, don tun ina yaro ba a ɓoye mini abu a ɗaki.

Babbar riga ɗaya ta rage wa Baba, shuɗiya mai duhu. Duk lokacin da na gan ta rataye a igiya, a yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin akuya, sai raina ya ɓaci. Ranar Alhamis na faki idon Inna na dumbuzi garin nan sau biyu. Ban tace ba, don ɗaukar rariya sai an tambaye ni. A bayan rumbu na dama shi a gurguje da ɗan guntun ruwan zafi, ya yi gudaji, na ce ai ba komai. Na juya rigar baibai yadda muke yi a makaranta, na tsoma, na shanya, ta sha iska, na bi ta da dutse.

Ina ɗaga dutsen na ga fari ya fito ɓaro-ɓaro, daga kafaɗa har tsakiyar baya, irin na kunun da ya bushe a ƙwarya.

Abin da ban yi wa rigar nan ba kaɗan ne. Na jiƙa tsumma na goga, farin ya ɓace, na yi ajiyar zuciya, tana bushewa ya dawo. Na sa soso. Na sa ruwan tsamiya, don na ji wani ɗan ajinmu ya ce tsami na cinye shi. Na kankare da farce har yatsana ya yi zafi. Maganinsa ɗaya ne kuma na san shi, a sake wanke ta a ɗauraye da ruwa mai yawa. To ina ruwan? Tulu biyu gidanmu ke samu a yini, sabulu kuwa an manta kamanninsa. Sai na haƙura na bi ɗan abin da ya ɓullo ta waje na share shi tas, na murje rigar na bubbuga ta don ta daina ƙarar sitaci, na mayar da ita daidai. Na ce wa raina, wa ke leƙa cikin rigar mutum?

Da ita Baba ya je Juma’a, babu wanda ya ga komai. Har wani ya ce rigar Malam ta yi kyau, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Bayan sallama aka yi sanarwa cewa gobe da hantsi kowa ya fito filin idi roƙon ruwa.

Rabona da roƙon ruwa tun ina ƙarami. Sai da muka kama hanya, na ga wani dattijo a gabanmu da hularsa a juye, sannan na tuna yadda ake yi. Na matsa kusa da Baba na ce ko zai koma ya sa ’yar sharar gona, tunda an ce a fito da tsofaffin kaya. Yana istigfari, ya ɗaga mini hannu kawai. Na ƙara magana, ya kalle ni, na ja da baya.

Aka yi raka’a biyu, liman ya yi huɗuba, ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa. Maza suka shiga juya riguna. Baba na sahun gabana, Baffa na gefena na dama. Ina kallo Baba ya tuɓe rigar, ya juya ta, ya mayar, ya ɗaga hannuwa sama, bai san abin da ke bayansa ba. Baffa ya daɗe yana duban farin nan. Ya miƙa hannu ya kankaro kaɗan da farce, ya ɗora a harshe.

“Rogo ne,” ya ce a hankali. Ba da ni yake ba. Ya ɗaga hannuwansa ya ci gaba da amin.

Kafin mu iso gida wani ya riga ya nuna wa Baba. A tsakar gida ya tambaye ni, na faɗi komai. Inna ta fito da tulun tana kuka. Bai dake ni ba, kuma har yau ina jin da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zube garin a faifai ya raba biyu, ya tura wa Inna rabi saboda yarinya, ya ce in ɗauki rabi in biyo shi.

Baffa ya karɓa, don mai yara shida ba ya mayar da gari. Amma bai ɗago ya kalli yayansa ba. Na durƙusa na ce masa wallahi Baba bai san da garin ba, Inna ce ta ɓoye, ni na sata, kuma ranar da ya rantse gaskiyarsa ya faɗa. Na faɗa na sake faɗa, ina jira ya zage ni in ji sanyi.

Sai ya dafa kaina.

“Allah ya yi maka albarka,” ya ce. “Haka ake son ɗa, ya rufa wa ubansa asiri.”

Shi da Baba suka ci gaba da gaisawa, ana suna tare, ana jana’iza tare. Amma har Baba ya bar duniya, ko fartanya Baffa bai sake aikowa aro gidanmu ba.