Rijiyar Baba da ɗan gilashin Auta

Autarmu ta dawo daga jami'a da wani ɗan gilashi da bai kai farce ba, tana lallaɓa shi kamar ƙwai. Lokacin ina koyarwa a Kankia, sai na raka ta Kaikai wurin Inna, ina yi mata tsiya a mota: duk karatun nan, tsarabar ke nan?

Ta ce an shafe fuskarsa da ƙwayoyin zinare da ido ba ya gani. Ja ne, amma in aka ɗiga masa ruwa mai maganin feshi aka haska, sai ya koma shuɗi. Irin na da, sau ɗaya ake aiki da su a yar. Nata kuwa wanke shi ake yi, ya sake aiki.

Jikokin Inna sun sha ciwon ciki a daminar, kuma rijiyar gidan tana dab da gonar da ake yi wa feshi. Marigayi Baba ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da aka kawo Inna, ita kuma ba ta yarda da ruwan ko'ina sai nata.

Auta ta ɗiga ruwan rijiyar, ta haska. Shuɗi.

"Mi ya ce?" in ji Inna.

"Inna, akwai magani a ruwan."

"Ba kin ce ana wanke shi ba? To wanke shi ki sake."

Ni da gajen haƙuri na ce a rufe rijiyar kawai. Auta ta harare ni. "Yaya, bari mana." Ta jiƙa gilashin a ruwan wankinsa, ta jira har ya koma ja. Ni na roƙo wa yara ruwa a maƙwabta.

Haka aka yi ta yi kullum da hantsi. Inna ta ja guga da kanta, ta zauna a bakin tabarma tana kallo, Auta ta wanke, ta ɗiga, ta haska. Auta ta san amsar sarai, amma ba ta taɓa yi da gaggawa ba. Ban taɓa jin ƙaunar yarinyar nan kamar a kwanakin ba.

Ranar da za mu koma, gilashin ya sake yin shuɗi. Auta ta miƙa hannu za ta wanke, Inna ta riƙe mata hannu.

"Bar shi haka, ɗiyata. Na ji."

Ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. "Ɗauko langa-langan nan mu rufe. A hankali za ka ɗora, kada ka fasa mata baki."