Dankalin Alwala

Kakata ta shekara fiye da ashirin a Makka tana cewa bana za ta koma gida. Ƙunshinta a ɗaure yake kullum, gorar ruwan da ta ratso Sudan da ita tana rataye a bakin ƙofa, in an tsokane ta sai ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu jikokinta da aka haifa a unguwar Misfala muna ce mata Sitti, kamar yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran tasu, ita kuwa ta ce sai dai mu kira uwarmu da wannan suna.

Shekarar da nake ba da labari aka daina dariya, don wani alhaji ɗan garinsu ya sauka a gidanmu kafin azumi, ya kuma ce in ya gama aikin hajji da ziyarar Madina zai tafi da ita in tana so. A cikin tsarabarsa akwai jan dankali guda biyu da ya saya a hanya, har sun fara tsiro. Kaka ta juya su a hannu, ta shinshina, ta ce wa babana: "Ƙasar da ban tona na ci daga cikinta ba, ba ta san ni ba. Zan dasa. In ya yi, to. In bai yi ba, ga ɗan rakiya Allah ya kawo."

Ni ce nake kwana a bayanta, ni take yi wa kitso tana zagin gashina. Ranar tuwo bai shiga bakina ba.

Bayan ƙaramar sallah ta ja kunya a kusurwar tsakar gida, doguwa mai tudu, irin wadda ta saba ja tun tana budurwa, ta dasa rassan dankalin a kai. Kwana kaɗan suka yi laushi kamar an tafasa su. Babana, wanda sana'arsa ɗaukar ruwa ce daga bazan, wato rijiyar unguwa, ya ajiye gwangwanayensa ya dubi aikin.

"Inna, kunya ai don kada ruwan sama ya ci shuka ake yin ta. Nan wa zai zubo miki shi?"

"Kai ka taɓa riƙe fartanya?" in ji ta. Amma washegari da ya fita sai ta baje kunyar, ta haƙa kwari, ta mai da reshe ukun da suka rage ciki, ta yi musu rumfa da tsohon buhu. Da ya dawo ta ce masa dama haka ta yi niyya.

Saura ruwa. Na gida gwangwani biyu ne a rana, sha da girki da wanka duk a ciki, uwata kuwa ba ta wasa da shi. Kaka ta kafa doka, kowa zai yi alwala ya tsuguna a bakin kwarin. Ni kuma na yi nawa lissafin: ba mai hana mutum ruwan alwala, a Makka ma kuwa.

Nan take na zama waliyyiya. Walha nake yi, nafila nake yi, sallolin da ko malamin zaure bai san da su ba duk na tsiro da su. Kowace gaɓa sau uku cif, ina yi ina karkata gwiwar hannu saitin ganye. Na ja ƙannena biyu muka zama jam'i. Da uwata ta ce ai alwala ɗaya tana kai mutum sallah biyu, sai na ce tawa ta karye. Kafin la'asar ta sake karyewa. Babana ya ce: "Wallahi yarinyar nan a daina ba ta wake, ruwan gidan nan duk a kanta yake ƙarewa." Ƙannena suka faɗi ƙasa suna birgima, ni ma dariyar ta ci ƙarfina har butar ta kife, a kan dankalin dai, alhamdu lillahi.

Labari ya zaga lungu. Maƙwabciyarmu mutuniyar Yaman ta riƙa turo 'ya'yanta su ga yadda 'ya'yan kirki suke, mu kuma mu ce su taho da butarsu. Ran nan na ƙirga yara har sun yi layi zuwa ƙofar gida, kowa da hannun riga a naɗe. Yabanya ta miƙe ta rufe kusurwar, kore shar, abin da idona bai taɓa gani a unguwarmu ba. Kaka tana zaune tana jan carbi, in na zo wucewa sai ta ce Allah ya karɓi ibada, malama.

Alhajin ya dawo daga Madina yana haɗa kaya. Da safe kaka ta ce a tona. Ni tsoro ya hana ni matsowa, don ganye ba shi ne dankali ba. Ta sa hannu ta yi ta lalube, fuskarta ba ta nuna komai. Can ta zaro ɗaya, siriri kamar yatsan babana. Ta zaro wani. Duka-duka ba su cika ƙwarya ba, kuma babbansu bai kai wanda aka dasa ba. Na ce a raina shi ke nan, an kayar da mu.

Ta goge ɗaya a zaninta ta gatsa ɗanye, ta daɗe tana tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata. Alhajin ya tambaya ko ya kai na gida.

"Ina fa," ta ce. "Ko kusa."

Sai ta ce in sauko mata da gorar nan ta bakin ƙofa. Na sauko da ita ina kuka wiwi, ban ma ɓoye ba. Ta karɓa, ta ce a miƙo mata basilla, ta kifa gorar a cinyarta ta shiga huda gindinta, huji bayan huji.

"Ungo," ta ce. "Bakin buta yana tone saiwa, shi ya sa suka tsumbure. Da wannan za mu riƙa yayyafawa. Ke kuma share hancinki, ki bar wa Allah sallolinsa biyar."