Birkin da Aka Ce Kada a Matsa

Mijina baduku ne, kuma a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta ƙi, ya yi wata bakwai bai ɗinka wa kowa ko jakar taba ba. Anasara masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa daga Agadez, mutanen daji kuwa awakinsu na mutuwa, wa zai sayi sirdi? Kullum sai ya buɗe rumfarsa, ya kaɗe ƙura, ya zauna. Ni kuma ina gida a Dagmanet ina ƙara wa kunu ruwa.

Sai wani ɗan'uwana ya samo masa aiki a magazar da ake rabon hatsi can wajen Anou Araren: kai takardu ƙauyuka. Sharaɗi ɗaya ne. Ya zo da abin hawansa, mai ɗaukar ma'aikata ya gani da idonsa ranar Laraba kafin azahar, in ba haka ba a ba wani.

Abin hawa muna da shi. Wani anasara abokin cinikinsa ne ya bar masa keke da zai tafi, keken da ko mai gyara na unguwarmu bai taɓa ganin irinsa ba. Maimakon birki ya kama gefen ƙafa, wani faifan ƙarfe ne a tsakiya, 'yan takalma biyu suna cizonsa. Anasaran ya yi masa kashedi: in an cire ƙafa, a cusa wani abu tsakanin takalman, kuma kada a kuskura a matsa birki, don in suka haɗe ba su rabuwa ta daɗi. Mijina ya haddace wannan magana kamar karatun allo, har awakin maƙwabta sun ji ta.

Ranar Laraba a tasha mai mota ya ce ba zai ɗora keke a tsaye ba, sai an cire ƙafafu. Mijina ya yi murmushin wanda aka tambaya abin da ya sani. Ya juya wani ɗan marfi, ƙafar gaba ta fito. Ta baya ta ɗan ba shi wuya saboda sarƙa, amma ta fito ita ma. Sannan ya zaro abin cusawa. Da wani ne, kwali kawai zai ninke ya cusa. Shi kuwa kwana biyu ya yi yana ɗinka 'yan fatu guda biyu, jajaye, da ado a gefe, har da igiyar ratayewa. Ya cusa ɗaya a birkin gaba, ɗaya a na baya.

Aka kwantar da gangar jikin keken a bayan mota, ya zaunar da ni kusa da hannayen birki.

"Aikinki ɗaya," ya ce. "Kowa ya kawo hannu, ki buge shi."

Ban san akwai wannan ciwo a jikin maza ba sai ranar. Namiji ba zai ga birki ya ƙyale ba. Wani tsoho mai rawani ya miƙo hannu yana cikin gaisuwa, na buge. Wani ɗan kasuwa ya ce zai gwada ne kawai, na buge. Har wani malami, da carbi a hannun dama, sai ga na hagu yana lallaɓowa. Kafin mu bar gari na yi rashin kunya ga maza biyar da suka girme ni, mijina na gyaɗa kai yana jin daɗi.

Da muka isa shingen sojoji aka sauke mu duka. Wani soja siriri ya duba takardunmu, ya leƙa bayan mota, idonsa ya sauka kan jar fatar.

"Wanga laya ta mi ce?"

"Ba laya ba ce, shef," in ji mijina.

"To mi ke ciki?"

Sojan ya zare ta gaba, ya shinshina, ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ni dai na rufa hannun birki da mayafina, don ko da bindiga ne sai dai a yi wadda za a yi. Amma sojan bai ko kusanto ba. Mijina ne ya ga ya samu sabon ɗalibi. Ya ture hannuna, ya tattaro sojoji uku da fasinjoji, ya fara bayani tun daga zuwan anasara.

"Kun gani, shef, in babu ƙafa, babu fata, mutum ya yi kuskure ya yi haka..."

Ya matsa. Don su fahimta da kyau, ya ƙara matsawa.

Na ji wata 'yar ƙara, ƙyas. Shi ma ya ji. Sojan ya miƙa masa fatarsa ya ce, "To, mun gane. Ku tahi."

Daga nan har muka sauka, tsohon mai rawani ya yi ta kallona yana shafa bayan hannunsa.

An ajiye mu a bakin hanya, rana ta kusa tsaka, magazar tana hange, mutane sun yi layi da buhunan da babu kome ciki. Ƙafar baya ta shiga lafiya. Ta gaba kuwa faifan ya ƙi wucewa, takalman sun manne, ko farce ba ya shiga. Ya gwada da tsinke, ya karye. Ya gwada da cokalina, ya lanƙwashe. Gumi na zuba daga gemunsa. A nan dariyar da na riƙe tun shinge ta gudu, tsoro ya kama ni, don na san abin da ya rage a tukunyarmu.

Sai ya kwance jakarsa ya ɗauko wuƙar dukancinsa, wadda ya gada wurin mahaifinsa, wadda ko albasa ban isa in yanka da ita ba. Ya sa bakinta tsakanin takalman, ya yi bisimilla, ya murɗa a hankali. Suka buɗe kaɗan. Ya ƙara murɗawa, suka buɗe sosai, wuƙar ta karye gida biyu.

Ya daɗe yana kallon guntayen a ƙasa. Sannan ya sa ƙafar, ya ɗaure, ya juya ta, ta yi ta gudu babu gogayya. Ya tsince guntayen ya sa mini a tafin hannu.

"Ajiye mini," ya ce.

Ya naɗe rigarsa ya hau, ya nufi magazar. Aikin dai ya samu, shekara shida yana yinsa, kuma da shi muka ci tuwo. Bai sake buɗe rumfar ba.