Saminu Ɗantani, Wanda Ya Ƙi Leƙa Mini Wayar Ɗiyata

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, jim kaɗan bayan la'asar, ina zaune a shagona na kayan gyaran babur a bakin kasuwar Dogon Dutsi, maƙwabcina ya ajiye wayarsa ya ce mini Saminu Ɗantani ya rasu. A hanyar dawowa daga Geceme ne, inda ya je haɗa wa wata ƙungiyar mata wifi. Babur ya ƙwace masa a cikin yashi, ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa talatin da huɗu. Ya bar mata ɗaya, Mariama, da ƴaƴa biyu. Na Allah muke, kuma can inda ya kira Saminu zai kira mu.

Saminu, ni ne Alhaji Abdulhakim, wanda kake ce wa Baba Alhaji. Mutane da yawa sun fi ni cancantar rubuta wannan, amma babu wanda ya kai ni bukatar rubuta shi.

Shekara uku ke nan da ka fara shigowa gidana. Na sayi akwatin wifi don karatun yara, amma kullum rezo, wato intanet ɗin, ba ya motsi. Ka zauna a kan tabarmar zaure da ƴar kwamfutarka mai tsagaggen murfi, ka shiga cikin akwatin, ka juyo da fuskarta ka nuna mini: waya ashirin da uku ke shan wifin gidan, alhali mu shida ne. Ka ce lambar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani ce har yanzu a kansa, kuma duk yaron unguwa ya san ta. Ka canza ta. Ka kunna abin da masu Faransanci ke kira pare-feu, kai kuma kake ce masa katanga, ka rufe hanyar da wani zai iya taɓa akwatin daga waje, ka rubuta wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya don su kaɗai ya sani.

Na ce ka kori kowa. Sai ka ce a cikin wayoyin nan akwai ta Inna Hamsatu, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, wadda ɗanta yake ci-rani a Aljeriya, kuma ta nan take jin muryarsa ranar Juma'a. Ka roƙe ni in bari ka buɗe mata ƴar hanya daban, wadda ba ta haɗuwa da tamu. Na yarda ina jin kunya, domin shekara ashirin muna maƙwabtaka ban san haka ba, kai kuwa a wuni guda ka sani.

Da ka zo kan tacewa, ka toshe shafukan caca da na batsa, ka sa wa wayoyin yara lokacin da wifi zai ɗauke musu don su yi bitar karatu. Amma ka ƙi yin haka a ɓoye. Ka sa na kira su duka, ka gaya musu abin da ka rufe da dalilin rufe shi. Ka ce yaron da aka rufe wa abu bai sani ba, hanyar zagayawa zai nema, kuma zai samu. Haka ka yi a gidaje da yawa, daga nan har Kore Mairuwa. Kana barin wa mai gida lambar sirrinsa a rubuce, ba ka riƙe ta don a ci gaba da nemanka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan Yunin bana wani ya raɗa mini cewa ɗiyata Khairiyya, wadda ke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, tana magana da wani namiji a waya. Na lura ta rame, ta daina cin abinci, in waya ta yi ƙara sai ta firgita. Maimakon in tambaye ta, sai na kira ka. Na ce ka gyara akwatin yadda duk abin da ta rubuta zai zo mini. Ka ce akwatin ba ya karanta saƙo, sunan wuraren da waya ta shiga kawai yake gani. Na ce to ka sa mata wani abu a wayar ba ta sani ba, na san ana yi.

Ka ce: «Ana yi, Baba Alhaji, amma ba ni yi. Aikina in hana na waje shigowa gidanka. In kana son sanin abin da ke damun ɗiyarka, zamna da ita ka tambaye ta da sanyin murya. Za ta hwaɗa maka.»

Na ce ka fita mini daga gida. Ka naɗe igiyar kwamfutarka, ka yi sallama, ban amsa ba.

Da na tsaya nan, da abin ya zo da sauƙi. Bayan sallar Juma'a, a gaban mutanen unguwa, na ce kana rufa wa yaran mutane asiri a kan ɓarna. Na ƙara da cewa wa ya sani ko kai ne mai maganar da ita. Ban yarda da wannan ba ko a lokacin da nake faɗarsa, fushi ne ya sa shi a bakina. Amma an ji. Na san gida huɗu da suka daina kiranka saboda maganata. Na san wata makaranta mai zaman kanta da ta fasa ba ka aiki.

Bayan sati uku Khairiyya ta same ni da kanta, ta faɗa mini komai. Wani ne ya samu hotonta daga wayar ƙawarta, ya haɗa fuskarta da wani jiki tsirara, yana tsoratar da ita cewa zai watsa shi in ba ta je inda ya ce ba. Ta ji tsorona fiye da tsoronsa, shi ya sa tun kafin in kira ka ta je wurin Mariama, matarka. Kai ka nuna wa Khairiyya yadda za ta adana saƙonnin don su zama shaida, ka hana ta amsa masa, ka kuma riƙa matsa mata ta gaya mini. Ta sa ka yi alkawari ba za ka riga ta faɗa ba. Wato ranar da na kore ka, ka san komai. Ranar da na ɓata maka suna, magana ɗaya za ta wanke ka, amma sai an ambaci sunan ɗiyata a bakin masallaci. Ka zaɓi ka yi shiru.

Shaidar da ka sa ta adana ita muka kai komisariya, da ita aka kama mutumin. Khairiyya ta dawo tana cin abinci.

Tun ranar na yi niyyar zuwa gidanka. Na ce sai bayan an gama da komisariya. Na ce sai bayan shuka. Na ce sai in mun haɗu ba mutane. Sau biyu ka wuce ta gaban shagona a babur, ka ɗaga mini hannu, na ɗaga maka, na koma kan abin da nake yi. Wata uku na yi ina jira in samu ranar da neman gafara ba zai yi mini nauyi ba. Da na shiga gidanka a ƙarshe, an riga an yi maka wanka.

Ranar sadakar uku na durƙusa gaban Mariama, ni da a shekaru na haife ta, na faɗa mata abin da na yi. Ta ce ta ji tun lokacin, kuma ta yi maka faɗa a kan shirunka. Ta ce amsar da ka ba ta ita ce: «Uba ne, tsoro ya kama shi. Ki bar shi.» Ban san ko wannan yafewa ce ba. Na so in ji daga bakinka, kuma ba zan ji ba.

Saboda haka, jama'ar Dogon Dutsi, duk wanda ya ji abin da na faɗa a kan Saminu Ɗantani, ya sani ƙarya na yi masa. Khairiyya ce ta ce in rubuta har da sunanta. Wanda ya kai maganata wani wuri, ina roƙonsa ya kai wannan ma.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Saminu, ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa masa asiri ranar hisabi. Ka ba Mariama da ƴaƴansa da mahaifiyarsa da ke Tibiri haƙurin da ya fi wannan rashi, ka raya marayunsa a kan halinsa. Ni kuwa, ya Ubangiji, haƙƙinsa yana wuyana. Ka sa ranar da za ka tsayar da mu tare, ya yarda ya yafe mini.